Gwangwanin Gado da Gwangwanin Aro

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Kawu ya riga mu tafiya ranar wata Talata da hantsi, ruwan farko na damina bai daɗe da sauka a Tambuwal ba. Allah Ya jiƙansa, Ya yi masa rahama. Na zauna rubuta wannan ne don kada a manta da shi, amma gara in faɗi gaskiya tun daga fari: kwana uku na yi a zaman makokinsa ina sauraron masu gaisuwa, na tashi ban tabbata mutum ɗaya muke yi wa kuka ba.

Wata tsohuwa daga Dogon Daji ta riƙe hannun Umma, matar Kawu, tana cewa, "Allah shi gafarta ma malamin gado. Ba a taɓa jin yac ci haƙƙin maraya ba wurin rabo." Umma ta amsa da amin. Ni kuwa na sunkuyar da kai, don Kawu bai taɓa raba gadon ko da akuya ba. Wata ta ce shi ne ya sa ɗanta ya fasa auren wadda yake so saboda wani gwajin jini, ta ce ta yafe masa duniya da lahira, amma sai da ta maimaita yafiyar sau uku tana hura hanci. Ta kusa da ita ta ce wannan gwajin ne ya sa yau take da jikoki masu lafiya, ta fashe da kuka. A ƙofar gida kuma tsofaffin ɗalibansa sun cika tabarmi suna ta faɗin "Malam Aron Harafi ya tafi," har wani manomi ya tambaya ko akwai wani malamin daban da ya rasu a unguwar.

Sai yayansa, wanda muke kira Kawu Babba. Daga Kebbe ya zo a bayan babur, a kan hanyar nan da ruwa ya riga ya fara cinyewa, laka har gwiwar wandonsa. Bai yi kuka ba. Ya shigo ya gaisa da Umma, ya tsaya yana kallon ƙofar ɗakin ƙanensa, ya ce, "Ya tafi bai amsa min ba." Ba wanda ya san tambayar da yake nufi, ba kuma wanda ya yi ƙarfin halin tambayarsa.

Ni 'yar ƙanwarsu ce. Mahaifiyata ta rasu ina shekara tara, Kawu ya ɗauko ni daga Kebbe ya haɗa ni da 'ya'yansa mata biyu, Yaya da Auta. A gidansa na girma, kuma yau aikin da ya yi nake yi: ina koyar da bayoloji a makarantar 'yan mata. Kowa ya san ina da saurin baki. Shi kuwa sai ka yi masa tambaya ka je ka sha ruwa ka dawo bai gama tunanin amsa ba, don haka mun sha gwabzawa.

Sunan malamin gado ya samo shi ne daga aji. Ba ya yarda yara su haddace Turancin da ba su gane ba. In ya gama darasi sai ya sake zuba musu shi da Hausa, kuma darasin yadda 'ya'ya ke ɗauko kamannin iyaye shi ya sa wa suna ilimin gado. Yara suka kai maganar gida, iyaye suka ji ta yadda suka saba jin ta. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga wasu 'yan'uwa uku a zaurenmu, sun zo a raba musu gona da sa guda. Kawu ya sa na kai musu ruwa. Ya zauna ya saurare su kusan awa ɗaya, don yana son labari, sannan ya ce, "Ni gadon da nika koyarwa an ƙare rabon shi tun kuna cikin uwayenku. Hancinka wanga, da kunnuwan ƙanenka, su na. Gona da sa kuwa, ku tafi wurin alƙali." Suka fita ransu a ɓace suna cewa yana ɓoye ilimi. Daga ranar sunan ya zauna, shi kuma bai taɓa wahalar da kansa wajen gyara shi ba.

Yakan tsaya gaban allo, alli ya yi masa fari a hannun riga, ya ce, "Kowace halitta littafi ta, kuma da haruffa fuɗu kacal anka rubuta ta. Kai da jaki da gero, haruffan ɗai na, jeri na yab bambanta." Yara su yi ta dariya suna nuna juna. Da manhaja ta zo da sabon babi, na yadda masana ke ciro wani yanki daga littafin wata halitta su dasa a littafin wata, ya kwana biyu yana neman sunan da zai ba shi. Daga baya ya ce aron harafi. Na ce masa, "Kawu, ai ba harafi ɗaya ba ne, layi ne sukutum." Ya ce ya sani, amma yara sun riga sun ɗauka, ba ya son ya karɓe musu.

Abin da ya fi ba ni haushi da shi tambaya ɗaya ce. Kowace shekara sai an samu ɗalibin da zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, to wanga aron harafi, abu mai kyau na ko mugu?" Kawu sai ya kai hannu ya juya hularsa a kansa, kamar mai neman inda gabanta yake, ya ce, "Tambaya ta yi kyau. Ku rubuta ta." Shi ke nan. Ba zai ƙara komai ba. Da na fara koyarwa aka yi min irin tambayar, na dawo gida na tsare shi a gindin darbejiya.

"Kawu, kai fa malami na. Ƙaƙa za ka bar yara da tambaya shekara da shekaru?"

"Ban sani ba ita ma amsa ta," in ji shi. "Maki ɗai na ba a ba ta."

Na tashi na bar masa wurin. Har yau ban yanke ba ko hikima ce ko kuwa zillewa ce irin ta tsofaffi.

Yana da aboki, wani alƙali da ya yi ritaya, wanda suke zama tare bayan la'asar. Hirarsu ba ta wuce musu. Ranar da na fi tunawa, Kawu ya tambaye shi, in ƙudan zuma ya ɗauko garin furen sabon iri daga gonar wani ya kai gonarka, abin da ya fito na wane ne? Alƙali ya ce, "To ƙudan zuman za mu kira shaida?" Wata rana kuma alƙalin ne ya kawo tasa: mutane sun fara zuwa kotu da takardar gwajin jini suna cewa ɗa ba nasu ba ne, alhali shari'a aure take dubawa. Kawu ya ce gwajin ba ya ƙarya in an yi shi daidai. Alƙali ya ce shi ma bai ce yana ƙarya ba, tambayarsa ita ce wa zai ciyar da yaron gobe. Suka yi ta yi har aka kira magariba, kowa ya ɗauki takalminsa ba a cimma komai ba.

Auta ita ce dalilin da ya sa duk wannan bai zama masa karatun littafi kawai ba. Da sikila aka haife ta. Kawu da Umma kowannensu yana ɗauke da rabin ciwon, ba su sani ba, don a zamanin aurensu ba wanda ke gwadawa. Tare muke kwana da ita a ɗaki ɗaya, na san yadda take cije leɓe in ƙasusuwanta suka tashi don kada Umma ta ji. Tana shekara goma sha biyar ta rasu. Bayan haka ne Kawu ya zama abin da wasu ke kira mai shisshigi. Da ya ji ana maganar aure a unguwa sai ya je ya yi sallama, ya ce a yi gwaji tukuna, in babu abin hawa ga babur ɗinsa. An gode masa, an kuma zage shi, wani lokaci a gida ɗaya.

Wata safiya muna karyawa rediyo ya ce likitoci a ƙasashen waje sun fara iya gyara wa masu sikila jininsu ta wannan hanya da yake koyarwa, sai dai aikin ba na talaka ba ne. Kawu ya ajiye kofin kunu. Ya kashe rediyon, ya fita wai zai sayo sabulu, ya dawo hannu banza. Ya zauna ya ce, "Harafi guda na fa yab ɓaci a jininta. Guda." Na dube shi na rasa ko murna yake yi ko kuka, kuma ina jin shi ma bai sani ba. Ranar ce kaɗai na so in yi magana na fasa.

Rigimarsa da Kawu Babba a kan wake ce. Wata Sallah muka je Kebbe, Kawu ya tafi da ɗan ƙunshin sabon irin nan da aka ara masa layi daga wata ƙaramar halitta ta cikin ƙasa, don tsutsar da ke cinye fure da kwanso ta daina iya cinsa. Ya ba yayansa da murna, yana cewa zai huta da yawan feshin maganin da ke sa shi tari. Kawu Babba ko taɓa ƙunshin bai yi ba. Ya ce abin da tsutsa ta ƙi ci shi ba zai ba iyalinsa ba. Kawu ya ce an gwada, ba ya cutar da mutum. Kawu Babba ya ce shi bai ga wanda ya gwada ba. Muryoyi suka hau, har mata suka bar girki suka leƙo. Can Kawu Babba ya ce, "To nij ji. In wanga naka ya cika gonaki, waken Inna ina za shi zauna?"

Inna mahaifiyarsu ce, kakata. Tana da wani irin wake da ta zo da shi daga gidan iyayenta, mai yaɗo, mai jinkirin nuna, mai yawan harawa. Kawu ya kai hannu ya juya hularsa. Bai ce komai ba. Tun daga wannan Sallar ba su sake cin abinci a kwano ɗaya ba. Suna gaisawa, suna zuwa wa juna suna da ta'aziyya, amma in saƙo ne sai dai a bi ta wurin Umma.

Na san Kawu yana da 'yan kunyoyi a bayan gida da yake shuka wake duk damina, yana kuma da wani fegi a lambun makaranta. Ban taɓa tambayarsa ba, na ɗauka abin ɗebe kewa ne na tsofaffi. Da ɓarin jikinsa ya shanye, damina biyu ba a shuka komai ba a bayan gidan, ciyawa ta rufe wurin.

Kwana tara kafin rasuwarsa, da la'asar, ina zaune kusa da shi ina duba takardun jarrabawa. Ya ce in jawo masa wasu gwangwanayen madara manya guda biyu daga ƙarƙashin kantar littattafansa. A murfin ɗaya ya rubuta GADO da jan fenti, a ɗayan ARO. Maganarsa ba ta fita sosai a lokacin. Ya dafa na farko ya ce, "Waken Inna na. Ki shuka shi bana. In ya ƙara shekara cikin gwangwani, ya mutu." Ya nuna na biyu ya ce, "Wancan na ɗalibai na, sabon. Kak ki haɗa su." Na ce to, Kawu. Idona na kan takarda, ina neman inda wata yarinya ta ɓoye amsar tambaya ta huɗu. Ban buɗe ko murfi ɗaya ba. Na mayar da su inda suke na ci gaba da ba da maki, kuma babu kowa a wurin sai ni da shi.

Ranar bakwai aka taru don a fitar da kayan ɗakinsa. Akwai limamin unguwarmu, wanda shi ne zai yi rabo, da Kawu Babba, da Umma, da Yaya wadda ta zo daga Sakkwato inda take aikin jinya, sai ni. Aka fito da littattafai da riguna da rediyo. Aka fito da gwangwanaye biyu. Liman ya sa Yaya ta karanta masa abin da ke jikin murfin, ya gyara zama, ya ce marigayi ya sauƙaƙa mana aiki: wannan ya ce gado ne, za a raba wa magada, wancan ya ce aro ne, sai a nemo mai shi a mayar masa kafin a taɓa komai.

Na ce, "Allah gafarta malam, ba haka na ba. Ni yab bar ma na gadon, in shuka."

Liman ya tambaye ni a hankali ko akwai wanda ya ji lokacin da ya faɗa. Na ce babu. Ya ce ba ƙaryata ni yake yi ba, amma 'yar 'yar'uwa ba ta cikin masu rabo a nan, magada su ne mata da 'ya da ɗan'uwa, wasiyya kuma sai da shaida ko yardarsu. Jini ya hau min kai. Mutumin da ya raine ni, wanda ni kaɗai na gaji allinsa, a ce ko ƙwayar wakensa ba ni da ita! Na fara magana da ƙarfi, Umma ta ja min gefen mayafi.

Yaya ce ta ɗaga gwangwanin ARO ta ji shi sakayau. Ta buɗe. Toka ce da busasshen barkono, sai ɗan wake a ƙasa wanda bai fi cikin tafin hannu biyu ba. Na GADO kuwa cike yake. Umma ta tuna cewa ranar uku wake ya gaza wa masu ƙosan sadaka, wata maƙwabciyarmu ta shiga ɗakin ta ɗebo ta ƙara. Na yi ajiyar zuciya, na ce a raina Allah Ya taimake ni, sabon ne aka ci.

Liman kuwa hankalinsa ya tashi. Ya ce an cinye kayan aro, dole a san mai shi a biya shi, kada a bar marigayi da nauyi. Ya juyo gare ni, tunda ni ce na nuna na san zancen: a wurin wa ya aro? Na fara bayani. Na ce ba waken aka aro ba, wani abu ne a cikin waken aka aro daga wata ƙaramar halitta da ke cikin ƙasa, wadda ido ba ya gani. Ina magana ina jin kaina kamar mai tatsuniya. Liman ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "To, ƙasa za mu mai da ma, ko mi?" Yaya ta toshe baki da mayafi. Ni ma dariyar ta zo min, ta haɗu da kuka, na rasa wanda zan saki.

Aka aika a kira maƙwabciyar don a ji ko mudu nawa ta ɗiba. Ta zo tana ba da haƙuri. Ta ce ta buɗe duka biyun ta duba, ta zaɓi wanda ya fi kyan gani. Na tambaye ta wane murfi ne a kan wanda ta ɗiba. Ta ce, "Malama, ni na iya karatun boko? Nib buɗe, nid ɗiba, nir ruhe. Ban san wane murhi na na wane ba."

Kowa ya juyo yana kallona, don ni ce mai ilimin abin, ni ce kuma na ce an bar min. Na ɗebo daga wannan, na ɗebo daga wancan, na hure tokar. Duka farare ne. Na jera su a tafin hannu, na kai su haske, na juya su. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da abin da ke cikin ƙwayar wake, zan iya zana maka shi a allo ido rufe, amma ban san wanne ne na kakata ba. Na ce, "Ban sani ba." Da na ji maganar ta fito daga bakina sai na tuna mai ita, na ji kunya ta rufe ni.

Duk wannan abin Kawu Babba yana gefe yana kallo. Ya matso a kan tabarma ya ce, "Miƙo." Na zuba masa na cikakken gwangwanin. Ya dube shi sau ɗaya ya mayar. Na zuba masa na wanda ya kusa ƙarewa. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya murza da babban yatsa, ya kai kusa da idonsa, ya daɗe a haka.

"Wanga na," in ji shi. "Dibi hancinai, ja na, ba baƙi ba. Taɓa bayanai ki ji, shina da kaushi. Waken Inna na."

Wato murfin ya sauya. Abin da aka jiƙa aka surfa aka niƙa aka soya ranar uku, wanda masu gaisuwa suka ci suka yi addu'a, waken Kaka ne. Ni kaina na ci uku, har na ce ƙosan ya yi daɗi.

Kawu Babba ya tambaye ni a ina ƙanensa ya samo shi. Na ce a bayan gida yake shuka shi duk shekara, sai da ya kwanta. Sai tsohon ya faɗi abin da ba wanda ya zata, yana kallon tabarma. Ya ce damina biyu a jere tsutsa ta gama masa da gona, feshi ya kusa kashe shi da tari, sai ya aiki wani ya samo masa sabon irin a ɓoye. Shekara uku ke nan shi yake shukawa, shi iyalinsa ke ci. Na Inna da ya rage a rumbu ƙwari suka cinye shi, ya nema a Kebbe da ƙauyukan kewaye bai samu ba. Kunya ta hana shi gaya wa ƙanensa.

Na dube shi, na dubi ƙofar ɗakin Kawu. Wanda ya yi ta yabon sabo a aji shi ne ya ɓoye tsoho a ƙarƙashin kanta yana raya shi, wanda ya rantse ba zai taɓa sabo ba shi ne ya cika gona da shi. Shekara nawa ba su ci a kwano ɗaya ba a kan wannan. In ka tambaye ni wa ke da gaskiya a cikinsu, ko me Kawu ya yi imani da shi a ransa, wallahi ban sani ba, kuma yanzu babu wanda zan tsare a gindin darbejiya.

Liman ya yi gyaran murya ya ce to yanzu wanne za a raba? Umma ta ce ita ta bar rabonta na waken Inna. Yaya ta ce ita ko tukunyar fure ba ta da ita a Sakkwato, ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce in karɓa in daina kumbura fuska. Saura Kawu Babba. Ya tattara ɗan waken ya zuba a aljihun rigarsa, bai ce ya bar min ba, bai ce ya hana ni ba. Liman ya shafa addu'a. Maganar aron kuwa ya ce zai yi tunani a kanta, kuma har yanzu in mun haɗu a hanya yakan ce min yana nan yana tunani.

Kafin Kawu Babba ya koma na roƙe shi ƙwaya goma. Na yi abin da Kawu yake sa ɗalibai su yi: na jera su a jiƙaƙƙen tsumma, na naɗe, na sa a kwano na rufe. Tsohon ya ce zai jira ya gani, ya ƙara kwana huɗu a Tambuwal, shi da kafin wannan rasuwar bai taɓa kwana biyu a garin ba. Kowace safiya sai ya yi sallama a ƙofar ɗakina ya ce, "Malama, an buɗe?" In ce tukuna. Ban gaya masa cewa tsoron buɗewar nake ji ba.

Rana ta huɗu muka buɗe tare a gindin darbejiya. Shida sun ruɓe, sun yi laushi suna wari. Huɗu sun fasa, kowanne ya turo ɗan farin tsiro. Kawu Babba ya sa yatsa ya taɓa ɗaya a hankali. A nan ne ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza, ni kuma na juya baya don kada ya ji nauyina. Da ya natsu ya share fuska da hannun riga ya ce, "Ashe ya amsa min. Ni na ban zaka in ji ba."

Ya ce zai shuka abin da ke aljihunsa a wata 'yar gona da ke can nesa da sauran, da zarar gero ya tasa. Huɗun da suka tsiro ya bar min in dasa a bayan gida, inda Kawu yake sa nasa. Na tashi da sauri na ɗauko gwangwanin da ragowar jan fentin Kawu, na ce bari in gyara rubutun, in kuma rubuta a jikin gwangwanin ba a murfi kaɗai ba, don kada a sake.

Ya riƙe min hannu. "Kak ki rubuta komi, ɗiyata. Rubutu na yas sa anka cinye shi. Ki zaka Kebbe ranar shuka, in gwada maki yadda aka gane shi."

Makon da ya biyo na shiga aji, babin aron harafi ne a gabanmu. Ban yi rabin darasi ba wata yarinya ta ɗaga hannu ta yi tambayar nan. Na ji hannuna ya tafi kaina yana gyara ɗankwali. Na ce ban sani ba, na ce su rubuta ta.

Allah Ya gafarta wa Kawu, Ya haɗa shi da Auta da Inna a gidan rahama. Ranar Asabar zan hau babur zuwa Kebbe, ko hanya ta yi kyau ko ba ta yi ba. Kawu Babba ya aiko cewa gero ya tasa, kuma in zo da takalmin da ba na jin tausayinsa.